Hutun Jaki Da Kaya A Ka

Babu kalmar da ɗalibin jami'a ke ƙauna kamar hutu. Tun ranar da aka buɗe makaranta yake lissafin ranar da za a rufe ta, haka nan ƙaramin ma'aikacin gwamnati, tun safiyar Litinin hankalinsa yana kan yammacin Juma'a. Sai dai in za a faɗi gaskiya, wannan tsara tamu ta sha hutu har ya gundure ta, amma ba ta huta ba. A shekarar 2020 yajin aikin malamai ya rufe jami'o'in gwamnati wata tara, ga kuma annobar korona a kai. A 2022 aka sake garƙame su wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba. To, wa ya dawo daga waɗannan watanni da sanyi a zuciya? An dai zauna a gida ana ƙirga shekaru, tsararraki suna aure suna haihuwa, maƙwabta kuwa kullum tambayarsu ɗaya ce: yaushe za ku koma? Irin wannan zama shi Bahaushe ke kira hutun jaki da kaya a ka. An tsaya, amma ba a sauke ba.

Saboda haka muka ga ya dace a wannan fitowa mu jingine maganar kuɗin makaranta da ruwan famfo da wutar lantarki, ko da yake babu wadda aka warware a cikinsu, mu dubi wata yunwa wadda ba a yi mata zanga-zanga, watau yunwar kwanciyar rai. Za mu dube ta ne ta fuskar bangaskiyar Kirista da addu'arsu. Mujallar nan ta ɗalibai ce baki ɗaya, kuma mun tabbata 'yan'uwanmu Musulmi, waɗanda suka san daɗin tsayuwar dare da natsuwar asuba, ba za su ji maganar ta zo musu a baƙuwa ba. Abin da ya sa muka ɗauko ta shi ne, kowace Lahadi da kowane daren Juma'a ɗalibai suna cika ɗakunan sujada da ɗakunan lacca suna neman wannan hutu; wasu suna samu, amma da yawa suna shiga a gajiye su fito sun fi gajiya. Lalle ya kamata a tambayi dalili.

Mu fara da abin da aka yi alkawarinsa. A sura ta 11 ta Bisharar Matiyu, Yesu Almasihu ya yi kira ga waɗanda wahala ta ci ƙarfinsu da waɗanda kaya ya danne, ya ce su zo wurinsa su sami hutu. Kusan duk yaron da ya zauna a makarantar Lahadi ya san wannan wuri. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne abin da ya biyo baya, domin maimakon tabarma da matashin kai, karkiya ya miƙa musu. Wanda ya tashi a karkarar Funtua ko ta Gombe, inda ake huɗa da shanu, ya san karkiya: itacen nan da ake ɗora wa bijimai biyu a wuya domin su ja garma tare. Ya kuma san cewa manomi mai hankali ba ya haɗa sababbi biyu wuri ɗaya; yakan haɗa sabo da tsohon bijimin da ya san kunya, tsohon ya riƙe hanya ya ɗauki mafi yawan nauyi, sabon ya koyi tafiya a gefensa. Ashe hutun da ake magana bai hana huɗa ba. Jarrabawa tana nan, fayil yana nan a kan tebur, mahaifiya tana nan tana jiran kuɗin magani. Abin da ya sake shi ne mutum ya daina ja shi kaɗai, ya kuma daina ja domin iyayengijin da ba sa ƙoshi, su ne idon mutane, da tsoron faɗuwa, da gasa da ɗan maƙwabci.

Kalmar da Kiristan ƙasar Hausa ya saba ji a wannan babi ita ce salama. Da ita ya same ta a Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932, bayan aikin shekaru da Likita Walter Miller na Zariya ya kasance cikin jagororinsa. Kalmar 'yar'uwar salam ce ta Larabci da shalom ta Ibrananci, kuma ma'anarta ta wuce rashin faɗa. Tana nufin mutum ya daidaita da Mahaliccinsa, ya daidaita da maƙwabcinsa, ya daidaita da kansa. Abin lura shi ne, fitacciyar maganar Manzo Bulus a kan salamar da ta fi ƙarfin ganewar ɗan Adam tana cikin wasiƙarsa zuwa ga mutanen Filibi, kuma a tsare yake sa'ad da ya rubuta ta, bai san ko sakinsa za a yi ko kashe shi ba. Duk wanda ya ce mana salama ita ce biyan bukata, sai ya fara bayyana mana wace bukata ce ta biya wa ɗan kurkuku.

Akwai wani mutumin Afirka wanda muke ganin labarinsa ya fi na kowa kama da namu, domin ya yi ɗalibta, ya kuma yi aikin gwamnati yana matashi. Shi ne Agustin, wanda aka haifa a shekara ta 354 a Tagaste, garin da ake kira Suk Ahras a Aljeriya ta yau. Iyayensa ba masu hannu da shuni ba ne, har sai da ya zauna shekara guda a gida babu karatu saboda rashin kuɗi, kafin wani attajirin garinsu ya taimaka aka tura shi Kartaj, kusa da birnin Tunis na yanzu. Wa zai ce wannan labari bai san shi ba? A can ya yi fice a fasahar magana, ya yi sharholiya irin ta samari, ya haifi ɗa tun bai kai shekara ashirin ba, ya shiga wata ɗariƙa ta mabiyan Mani ya yi wajen shekara tara a cikinta yana neman amsar da bai samu ba. Daga nan ya ƙetare zuwa Rum, a 384 kuma, yana ɗan shekara talatin, aka ba shi muƙamin malamin fasahar magana a Milan, inda fadar sarkin daular Rum ta yamma take a lokacin. A lissafin duniya, yaron ƙauye ya isa.

A littafin da ya rubuta daga baya yana fallasa rayuwarsa a gaban Allah, ya ba da labarin wata rana da yake shirya jawabin yabon sarki, jawabin da shi kansa ya san cike yake da ƙarya, masu tafa masa ma sun san ƙarya ce. Yana tafe a wani lungun Milan zuciyarsa na tafasa, sai ya ga wani maroƙi ya ɗan sha ya yi tatil, yana ta raha abinsa. Agustin ya yi ajiyar zuciya ya ce wa abokansa wannan mutum da 'yan kwabbai ya sami abin da su suke ta wahalar nema da dukan iliminsu. Bai ce farin cikin mashayin na gaskiya ba ne. Abin da ya dame shi shi ne nasa ya fi wancan zama na ƙarya. Shekara ta 386 ya tuba a wani lambu bayan ya karanta wani sashe na wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, ya ajiye muƙamin, aka yi masa baftisma a 387 ta hannun Bishop Ambros. Tun a shafin farko na littafin nan nasa ya kafa hujjar da ta rayu fiye da shekara dubu ɗaya da ɗari shida, cewa domin Allah aka yi zuciyar mutum, saboda haka ba za ta daina kai-kawo ba sai ta sauka a wurinsa.

Kada a ɗauka daga nan ya miƙe ƙafa. Ya so zaman kaɗaici da littattafai, amma jama'ar Hippo, watau Annaba ta yau, suka riƙe shi ya zama limaminsu, daga baya bishop, ya shafe fiye da shekara talatin yana wa'azi, yana rubutu, yana ɓata safiyarsa wajen raba gardamar gado da ta gona tsakanin mutanen gari. Ya rasu a watan Agusta na 430, mayaƙan Bandal sun kewaye birnin. Almajirinsa da ya rubuta tarihinsa ya ce a kwanakinsa na ƙarshe ya sa aka rubuto masa zaburorin tuba aka manna a bango inda zai iya karantawa daga gado, ya roƙi a bar shi shi kaɗai, in ba likita ne ya zo ko mai kawo abinci ba.

Yanzu mu dawo gida, mu faɗi abin da wasu ba za su so ji ba. Yawancin abin da ake kira addu'a a harabar makarantunmu a yau hayaniya ce. Da zarar jarrabawa ta ƙarato sai a kafa lasifika, a ɗauko ganga da jita, a kwana ana ihu ana ɗaure aljanin mantuwa da aljanin faɗuwa, ɗalibin da ke ɗakin kusa, ko Kirista ne ko Musulmi, ya kasa karatu ya kasa barci, wanda ya yi ihun kuma ya shiga ɗakin jarrabawa murya a dishe ido ya yi ja. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ba mu ce addu'ar dare laifi ce ba. Bisharar Luka ta nuna Yesu ya kwana yana addu'a kafin ya zaɓi almajiransa goma sha biyu. Amma a kan dutse ya yi ta, shi kaɗai, bai hana kowa barci ba. Shi ne kuma, a sura ta 6 ta Matiyu, ya umarci mai addu'a ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya gargaɗe shi a kan tara kalmomi da zaton yawansu ne zai sa a ji shi. Addu'ar da ya koyar a wannan wuri ba ta kai minti ɗaya a baki ba.

Muna roƙon shugabannin zumuntar ɗalibai su sake karanta sura ta 18 da ta 19 ta littafin Sarakuna na Fari a jere, kada su tsaya a ta farkon. A kan Dutsen Karmel, waɗanda suka yi ta kururuwa tun safe har rana ta karkata, suna tsalle suna tsaga jikinsu, annabawan Ba'al ne; addu'ar Annabi Iliya gajeriya ce. Bayan wannan gagarumar nasara kuma me ya faru? Sarauniya Yezebel ta aika masa da barazana, sai jarumin jiya ya ranta a na kare, ya shiga jeji ya zauna a gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. A nan ne abin mamakin yake. Ba a yi masa faɗa ba, ba a ce bangaskiyarsa ta yi rauni ba, ba a kira taron farkawa ba. An bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa. Ya ci ya sake kwantawa. Aka sake tashinsa ya ƙara ci. Sai bayan wannan ya yi tafiyar kwana arba'in zuwa Horeb, inda iska mai farfasa duwatsu ta wuce, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, ba a sami Ubangiji a cikin ko ɗaya ba, sai a wata 'yar siririyar murya da ta biyo baya. Kana aka mai da shi bakin aiki, aka sanar da shi akwai mutum dubu bakwai da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka kuma ba shi Elisha ya zama abokin tafiya. Abinci, barci, shiru, aiki, aboki: da wannan jeri aka yi jinyar annabi. Mu kuwa ɗalibin da ya zo mana a karye, azumin kwana bakwai muke fara ɗora masa.

Akwai kuma 'yan kasuwar salama, waɗanda suka gane cewa mai firgici ba ya tayi. Ɗan hankici da kwalbar mai da ruwan da aka ce an yi wa addu'a, kowanne da farashinsa. Ga kuma kiran a shuka iri, wanda ke raba ɗaliba da kuɗin abincinta na wata guda da sunan za ta ci darasin da ba ta karanta ba. A sura ta 8 ta Ayyukan Manzanni wani Siman mai sihiri ya fito da kuɗi domin ya sayi baiwar Allah, kuma amsar da Bitrus ya ba shi ba mai daɗin ji ba ce. Ba za mu ƙara a kan ta Bitrus ba.

Wani nauyin da ake ɗora wa masu bi shi ne na murmushin dole. An koya wa matasa da yawa cewa Kirista na gaske ba ya baƙin ciki, in an tambaye shi lafiya dole ya ce yana cikin nasara ko da cikinsa na ƙuna. Wannan koyarwa ba ta san littafin Zabura ba. A cikin zaburori 150 kaso mai yawa kuka ne da ƙorafi, mutum yana tambayar Allah har yaushe, yana tambayarsa don me ya yi nisa; ta 88 ma a cikin duhu ta ƙare, babu ko kalmar ta'aziyya a ƙarshenta, amma ba a cire ta daga littafin ba. A lambun Getsamani Yesu da kansa ya gaya wa abokansa ransa yana cikin matsanancin baƙin ciki, ya roƙi a kawar masa da abin da ke tafe, har sau uku, ba a kuwa kawar ba. Abin da ya fita da shi daga lambun shi ne ƙarfin miƙewa ya tari masu kama shi. In addu'a tana hutar da mutum, ta wannan hanya take yi: wuri ne guda ɗaya tak da ba sai ya yi ado ba, inda zai faɗi tsoronsa da hassadarsa da kunyarsa da sunayensu, a gaban wanda ya riga ya sani, kuma bisa ga bangaskiyar Kirista ya riga ya karɓe shi saboda alheri, tun kafin a manna sakamakon jarrabawa a allo. Ɗalibin da ya gaskata cewa darajarsa ba ta rataye a kan digiri mai daraja ta ɗaya ba, shi ne yake iya zama ya yi karatu da hankali ɗaya.

A nan dole mu ja layi. Akwai damuwar da ciwo ce, kamar yadda zazzaɓin cizon sauro yake ciwo. Wanda ya yi makonni ba ya barci, abinci ya fita masa a rai, ya daina wanka da shiga mutane, ko ya fara maganar gara ya mutu, wannan a yi masa addu'a, a kuma kama hannunsa a kai shi wurin likita a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware, kuma a watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958, mai tushe tun zamanin Turawa. Luka da ya rubuta Bishara likita ne, Bulus ma da wannan suna ya ambace shi. Shugaban zumuntar da ya hana mara lafiya shan magani da sunan bangaskiya, in abu ya ɓaci, alhakin rai yana wuyansa. Mun kuma san inda waɗanda aka kora da wa'azi suke komawa: ga tiramadol, ga ruwan kodin da gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da shi a 2018 amma bai ɓace daga lunguna ba. Su ma hutu suke nema, irin na maroƙin Milan.

'Yan'uwanmu masu ra'ayin gurguzu, waɗanda ba a rasa su a kowane zauren muhawara, za su ce duk wannan lallashi ne. Za su tuna mana cewa tun 1844 Karl Marx ya kwatanta addini da ƙwayar da ke kashe zafin ciwo ta bar ciwon. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin mun ga masu mulki da ke son talaka mai yawan haƙuri, mun kuma ga masu wa'azin da ke sayar musu da shi. Amma tarihi bai tsaya a nan ba. A ƙarshen Janairun 1956, a birnin Montgomery na Amurka, wani fasto ɗan shekara 27, Martin Luther King, yana jagorantar baƙar fata a ƙauracewar motocin haya. Da tsakar dare aka buga masa waya aka yi barazanar hallaka shi. Ya faɗa da bakinsa cewa a daren ya kai maƙura, yana neman hanyar janyewa ba tare da an kira shi matsoraci ba. Ya zauna a teburin ɗakin girki ya yi addu'a, ya tashi tsoron ya sake shi. Bayan kwana uku aka jefa bam a gidansa, matarsa da jaririyarsu suna ciki. Mutumin da ya tsaya a ƙofar gidan a daren ya hana fusatattun jama'a ɗaukar fansa, ya kuma ƙi janye ƙauracewar har ta cika kwana 381 aka yi nasara, ba mai maye ba ne. Haka Akbishop Janani Luwum na Uganda, wanda ya kai wa Idi Amin takardar koke a kan kashe-kashe, aka kashe shi a Fabrairun 1977 aka ce hatsarin mota ne. Mai mulkin zalunci da tsoro yake kiwon mutane, saboda haka ba shi da abokin gaba kamar wanda zuciyarsa ta kwanta.

Ga 'yan'uwanmu da suka riga mu fita suka kama aikin gwamnati, maganar ta fi tsauri. Mun san halin da ake ciki: tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye albashi, kuma naira 70,000 da aka tsayar a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi ba ta kai iyali ƙarshen wata. Wanda ya ce kada ma'aikaci ya nemi haƙƙinsa, bai karanta Annabi Amos ba. Amma akwai rashin barcin da ba talauci ne ya kawo shi ba. Akawun da ya danne fayil ɗin ɗan fansho a ƙarƙashin tebur sai an ba shi goro, ranar Lahadi kuma ya zauna a sahun gaba ya ɗaga hannu yana waƙa, kada ya yi mamaki in salama ta ƙi zuwa. Zakka na Yariko ma'aikacin haraji ne, babba ma kuwa. Ranar da Yesu ya sauka a gidansa, kafin a ce ceto ya shigo gidan sai da ya miƙe ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Wani kayan ba a sauke shi a durƙushe. Sai an tashi an je an mayar wa mai shi.

Kaya mafi nauyi a wannan yanki namu kuwa shi ne gaba. Ba mu manta da Kafanchan a 1987 ba, rikicin da ya tashi daga harabar kwaleji ya bazu garuruwa. Ba mu manta da harin da aka kai wa masu sujada a Jami'ar Bayero ranar wata Lahadi a Afrilun 2012 ba. A cikinmu akwai marayun waɗannan shekaru daga ɓangarorin biyu, kuma ba mu da bakin da za mu ce musu yafiya abu ne mai sauƙi. Sai dai addu'ar da kowane Kirista ke yi kullum ta ɗaure gafarar da yake nema da wadda yake bayarwa, kuma akwai waɗanda suka ɗauki wannan da gaske. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka dasa a Garkida a 1923, ita ce cocin da yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 suka fito daga cikinta. A shekarar ce kuma mayaƙa suka mamaye hedikwatarta ta Kwarhi. Duk da haka ba ta sauka daga koyarwarta ta ƙin ramuwa ba. A Kaduna, Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a wannan rikicin. Sun haɗu a 1995 kowa yana zargin ɗan'uwansa, aka ɗauki shekaru kafin zuciya ta saki, daga bisani suka zama abokan aikin sulhu a ciki da wajen ƙasar nan. Yafiya ba ta hana a nemi shari'a. Abin da take yi shi ne ta hana wanda ya cuce ka ya ci gaba da kwana a ƙirjinka ba haya.

Ƙungiyoyin ɗalibai Kirista na ƙasar nan, tun daga wadda aka kafa a Gindiri a 1957 har zuwa ta jami'o'i da ta biyo baya a 1968, sun daɗe suna koyar da wata al'ada mai sauƙi: a tashi da sassafe, a karanta ɗan sashe na Littafi Mai Tsarki a hankali, a yi shiru a kansa, a yi addu'a, kafin a buɗe baki da kowa. A yau abin da hannu ke fara lalubowa da asuba waya ce, kuma kafin ƙafa ta taɓa ƙasa an riga an haɗiyi labarin kashe-kashe uku da hotunan bikin wanda ya fi mu. Minti goma sha biyar kafin a taɓa wayar, da wasu goma da dare a duba yinin a gode a kuma tuba, da rana ɗaya a mako da za a rufe littafi da gaske, ba za su ci kuɗin kowa ba. Likitoci sun ce baligi yana bukatar barcin sa'a bakwai zuwa sama. Wanda ya iya barci a jirgin ruwa ana tsakiyar hadari ba zai yi fushi da almajirinsa don ya kwanta ƙarfe goma ba.

Ga shugabannin zumunta muna cewa: a makonnin jarrabawa a sauke lasifika, a sallami jama'a da wuri, a kuma sa ido a kan wanda ya daina zuwa maimakon a yi ta ƙirga waɗanda suka zo. Hukumar makaranta kuma ta san cewa a ɗakin da aka gina domin mutum huɗu aka cusa takwas babu ƙofar da ɗalibi zai rufe ya kaɗaita. Saboda haka muna roƙon a bar ɗakin sujada a buɗe kowace rana tsakanin azahar da la'asar, babu ganga, babu wa'azi, babu tiren baiko, duk mai so ya shiga ya zauna.